Kajin Malamin Auta

Matso kusa, ga gefen tabarma nan. Ba na son ɗaga murya, don bangon da na jingina da shi na ɗakin autana ne, kuma yana ciki yana aiki. Ka ga kajin can masu wake-wake da ke tono a gindin zogale? Ba nawa ba ne. Na wani dattijo ne da bai taɓa taka ƙasar nan ba, bai ma san hanyar Dutsin-Ma ba. Ni kiwo kawai nake yi masa. Zauna ka ji yadda aka yi.

Ni ba mai fita ba ce. A Kurfi aka haife ni, aure ya kawo ni Dutsin-Ma, kuma in ka cire zuwa asibiti Katsina, wannan ita ce doguwar tafiyar da na yi a duniya. Boko ma ɗan kaɗan na taɓa, sai daga baya na ƙara a ajin manya, shi ya sa rubutuna yake tafiyar tsohuwa. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga tsakar gidan nan ina gane ɗan kabu-kabun da ya wuce da kukan mashin ɗinsa. Ina gane dakan suna da dakan tuwon dare. In mutum ya yi sallama a zaure, kafin ya ƙarasa na san ko gaisuwa ta kawo shi ko aron turmi.

'Ya'yana maza manya duk aiki ya kwashe su. Ɗaya yana Legas, ɗaya yana Fatakwal, sun zama muryoyi a waya, sai da salla a gan su da tsaraba da gajiya. Bayan rasuwar mahaifinsu gidan ya yi mini faɗi. Auta kaɗai ya rage, shi ne ya karanta kwamfuta a jami'ar nan ta garinmu. Yana da wata shuɗiyar jaka a saman sif. Duk ranar da na ji ƙarar saukowarta, wani ɗan gurzawa da take yi a jikin katako, sai in san an kira shi gwajin aiki a wani gari. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ina yi masa addu'ar samu da bakina, zuciyata kuwa tana can tana roƙon kada a raba ni da shi. Allah ya san biyun duka nawa ne.

Wata rana da bazara ya fito ya tsuguna gabana ina tankaɗe.

"Inna, na samu aiki."

Rariya ta tsaya a hannuna. "Wane gari?"

"Nan."

"Nan ina?"

"Nan ɗakina."

Na ce masa wasan ya isa. Ya rantse. Wai wani kamfani ne a wata ƙasa mai nisa, can yamma, bayan teku, suna rubuta manhaja, wato abin da ke cikin waya da kwamfuta wanda yake sa in ka taɓa su amsa maka. Ya ce, "Kamar saƙa ce, Inna, sai dai da haruffa ake yi. Ni in saƙa a nan, su ɗauka a can." Na ce to su ba su da mutane ne a garinsu, sai sun tsallako har Dutsin-Ma? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Mun fi araha." Na ɗauka barkwanci ne, irin wanda ake yi wa tumatir lokacin da ya cika kasuwa. Ban tauna maganar ba. Abin da kunnena ya riƙe kawai shi ne jakar nan ba za ta sauko ba.

Aka kafa sola a kan rufi, kafinta ya kawo tebur. Aikin yakan fara ne tsakanin azahar da la'asar, don lokacin ne gari yake waye musu. Ni kuwa sai na maido da tabarmata nan jikin bango, in zauna ina tsintar waken da ake kawo mini daga Karofi, ina saurare.

A nan na san dattijon. Auta ya ce shi aka haɗa shi da shi ya nuna masa aikin, shi ya gina abin tun daga tushe. Ba na jin Turanci, amma ina jin mutum. Muryarsa a dushe take, tana tafiya a hankali, kamar mai kurɓar shayi tsakanin kalma da kalma. In Auta bai gane ba, yakan maimaita, ya sake maimaitawa, kuma muryar ba ta hawa ko kaɗan. In ya gane, sai dattijon ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, "hm", gajere, mai ɗumi. Har na zama ina jiran sautin nan kamar ni ake koya wa. Wani lokaci kare ya yi haushi a bayansa. Wani lokaci buta ta yi fito a kan wuta. Akwai ranar da rana ta take a nan, ƙasa tana ƙuna, kaji sun saki fukafukai, sai na ji ruwan sama yana dukan tagarsa. Na rufe ido. Wallahi sai da na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ina zaune sai in yi ta gina garinsu a kaina. In sa masa dutse kamar namu a tsakiya, in sa masa kasuwa, in sa masa wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin hanya, don ban san yadda gari zai tsaya babu ita ba. Aikin kuma sai in gan shi kamar shamuwa, ya taso daga can, ya ƙetare ruwa mai faɗi, ya yi ta shawagi yana duba bishiyoyin duniya, ya zo ya sauka a kan tsamiyar bayan gidanmu. Ban tuna a lokacin cewa shamuwa baƙuwa ce ba.

To, mahaifina baduku ne a Kurfi. Na tashi cikin warin jima da yaran da iyayensu suke kawowa koyon sana'a. A gidanmu akwai yadda ake yi. In yaro ya ƙware, uwarsa takan zo da kanta, da kaza a hammata da ƙwaryar fura, ta durƙusa daga bakin rumfa ta yi godiya. Kuma ba kazar kasuwa ba, sai ta gidan da uwar ta fito. Baba sai ya ɗauko basilla ɗaya daga cikin nasa ya miƙa wa yaron, ya ce ya sallame shi, Allah ya sa albarka. Yaron ya je ya kafa rumfarsa a wani gefe, ko a wani gari. Baba ya ci gaba da zama a kan buzunsa. Haka na sani, haka na ɗauka duniya duka take.

Da damina ta yi nisa, sai na lura "hm" ɗin ya yawaita, maimaitawar ta ragu. Rannan Auta ya ce dattijon ya kusa gama koya masa, nan da Juma'a ta sama shi zai riƙe komai. Na ce alhamdu lillahi, to sai a shirya godiya.

"Wace godiya, Inna?"

"Ta malaminka mana."

"Ba a yin haka."

"A wurin su wa ba a yi?"

Ya sosa ƙeya, ya buɗe baki, ya rufe. Na ji akwai abin da ya haɗiye, amma na ɗauka kunyar 'yan boko ce, kada a ga uwarsa da zane da ɗankwali.

Ni da ba na fita, sai ga ni a tasha na hau motar Kurfi. Hanyar ta yi kore shar, gero ya fi mutum tsawo, duwatsu sun yi baƙi da ruwa, balbelu suna bin shanu kamar an watsa auduga. Na yi ta gyangyaɗi ina farkawa, ina ganin Baba a kan buzu. Ƙanwata da ke zaune a gidanmu na gado ta kama mini wata budurwar kaza mai wake-wake, jikar jikar kajin mahaifiyarmu. Ta ce, "Yaya, wa ya haihu?" Na ce, "Sana'a aka yaye."

Da na dawo, maƙwabciyata ta leƙo. 'Yar Filato ce, Kirista, tana aikin jinya a nan garin, mun saba har tana ce mini Mama. Ta ga kazar a ɗaure, ta ji labari, ta riƙe ciki don dariya.

"Mama, kin yi mata fasfo?"

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"A'a, tsakani da Allah. Kujerar taga za a ba ta a jirgin, ko ta tsakiya?"

Na ce ba aikawa zan yi ba, nuna masa zan yi ya san tasa ce. Ta ce to ita ma za ta zo kallo, wannan ba a ba mutum labari.

Ranar Juma'a bayan la'asar na yi wanka, na ɗaura atamfata ta salla, na ɗauki kazar na yi sallama a ƙofar Auta. Ya dube ni, ya dubi kazar, ya ce, "Inna, don Allah." Na ce, "Matsa." Maƙwabciya ta tsaya a bakin ƙofa tana danne dariya da gefen mayafi.

Ranar na fara ganin fuskar mai muryar, a gilashin kwamfuta. Farin dattijo, gashinsa ya janye baya, da tabarau, da wata rigar sanyi da gwiwar hannunta ta saki. A bayansa kantar littattafai ce, amma rabinta fanko, ga kwalaye a ƙasa. Na ce a raina, ashe su ma suna kwalemar gida.

Na durƙusa, Auta ya karkato da kwamfutar. Na gaishe shi da gajiya, da iyali, da sanyi. Na ce na ji duk wahalar da ya sha a kan yaron nan, ta bango na ji, ban taɓa jin ya daka masa tsawa ba. Na ce saboda shi ɗana yana kwana a gida, yana cin tuwon hannuna. Na ɗaga kazar, ta buga fiffike, gashi ya tashi. Na ce wannan tasa ce. Sannan na rufe da addu'ar da uwayen almajiran Baba suke yi: Allah ya daɗe da shi a kan buzunsa, Allah ya ƙara wa rumfarsa kasuwa, kada Allah ya nuna masa ranar da wani zai zauna a mazauninsa.

Auta ya juya maganar da Turanci. Tawa doguwa ce, tasa ta fito guntuwa.

"Ka yanke," na ce.

"Na faɗi, Inna."

"Ka yanke wutsiyar. Ina addu'ar?"

Dattijon ya tambaye shi wani abu, da alama shi ma ya ji an yanke. Sai Auta ya sunkuyar da kai ya faɗi sauran, a hankali, kamar mai taka ƙaya.

Dattijon ya yi dariya da farko, ta kazar. Daga nan dariyar ta tsaya a tsakiya. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Karen ya yi haushi sau ɗaya. Da ya yi magana, muryar nan ce dai mai tafiya a hankali, sai dai ta yi laushi kamar tsumman da aka daɗe ana wankewa. Auta ya ce, "Wai ya gode. Wai ɗanki yana da hannu mai kyau. Wai ki riƙe masa kazar, kada a yanka." Dattijon ya dube ni ya ɗora hannu a ƙirji, ya yi "hm" ɗin nan nasa. Nawa ne wannan, ni ya yi wa.

Na fito ina jin daɗi. Sai na ga maƙwabciya ta daina dariya, tana kallon ƙasa.

"Lafiya?"

"Mama, tambayi ɗanki."

Da magariba ta kusa na tambaye shi. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Inna, yau ce ranarsa ta ƙarshe. Aikinsa ne aka ba ni. Kamfanin ya ga abin da yake biyan mutum ɗaya a can zai ɗauki irina da yawa a nan. Sai suka ce ya koya mini kafin ya tafi."

"Ya sani tun farko?"

"Tun ranar farko."

Na tuna duk yammacin da na zauna a jikin bangon nan. Na bi muryar a kaina daga farko har ƙarshe ina neman inda ɗaci ya ɓuya, ko inda ya rage mudu. Ban samu ba. Mutum yana naɗe buzunsa da hannunsa yana shimfiɗa wa ɗan wata, kuma in yaron ya gane sai ya ce "hm". Ni kuma na je har gabansa da kaza ina roƙon kada Allah ya nuna masa ranar da take ita ce ranar. Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Na kwance kazar na watsa mata tsaba.

Ba mu sake jin muryarsa ba. Wasu muryoyi suka maye, na matasa, masu sauri kamar ana korarsu. Kazar ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta suka yi nasu. Ba na yankawa, ba na sayarwa, sai dai in shaho ya ɗauka, shi ma sai na ce masa na Malam ne, ya sani. In ɗana na Legas ya zo da salla ya nuna wani zakara, sai in ce ya nemi izini a bayan teku. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Auta ya yi ƙiba, ya gyara mini rufin ɗaki, jakar nan ta yi ta tara yana a saman sif. Na yi zaman da ban taɓa yi ba tun ina amarya, zaman wadda ta san duk wanda take jira yana cikin gida.

Bana, wajen farkon damina, sai aikin ya canza lokaci. Ina dama koko da hantsi sai na ji Auta yana magana. Na ce yau kuma mutanen yamma sun yi sammako? Na matso da tabarma. Muryar da ke amsa masa ta wani saurayi ce, siririya, Turancinsa yana da wani lanƙwasa da ban saba ji ba. Auta ya faɗi abu, ya maimaita, ya sake maimaitawa, muryarsa ba ta hau ba. Saurayin ya ce wani abu da ɗoki.

Sai Auta ya ce, "Hm."

Ludayi ya suɓuce mini cikin koko. Ba wanda ya gaya mini komai, amma na ji ƙarar jakar nan tana gurzar katako, alhali tana nan inda take.

Da ya fito karyawa na tura masa ƙosai na ce, "Daga ina yake?"

Ya dube ni. "Wa?"

"Wanda ya fi ka araha."

Ya ajiye kofin koko. "Kai, Inna, kunnen nan naki. Daga gabas ne, can nesa. Su yanzu rana ta yi musu."

"Sai yaushe?"

"Kafin kaka." Ya juya ƙosai a hannu bai ci ba. "Yaya ya ce in zo Legas, akwai wani wuri. Amma akwai dabara. Abin nan yana da lunguna da ni kaɗai na sani. In ban nuna masa duka ba, zai yi ta karyewa a hannunsa, dole su riƙe ni. Ko shekara ce na ƙara a gida. Wasu haka suke yi." Ya ɗago. "Me kika ce?"

Kada ka ɗauka amsar ta zo mini da sauƙi. Shekara guda! Na gan ta gaba ɗaya a gabana, da azuminta da sallarta, da takalminsa a ƙofar ɗaki, da tarin da yake yi in ya tashi alwala. Bakina har ya buɗe zai ce to. Sai ga kajin nan sun zagayo daga bayan rumbu, uwar a gaba, tsofai-tsofai da ita yanzu, suka zo suna tsattsagar ɓarɓashin ƙosai a gindin ƙafarsa.

Na ce, "Lungunan nan, kai wa ya nuna maka su?"

Ya dubi kajin.

"Ya rage maka ko ɗaya?"

"A'a."

"To ci ƙosanka, ya huce."

Shi ke nan abin da muka ce. Da yamma na sa maƙwabciya ta taka kujera ta sauko mini da jakar, don ban so shi ya sauko da ita. Ta ce, "Mama, ke da kanki?" Na ce ƙura ta yi mata yawa ne kawai. Ta dube ni, ba ta yi tsokana ba, ta taya ni ɗebo ruwa muka wanke jakar. Ga ta can a kan igiya, ta bushe tuntuni, na kasa ɗaukewa.

Gero ya fara fitar da kai. Shamuwar da ke kan tsamiya sun fara gwada 'ya'yansu tashi. Kullum da hantsi ina nan a jikin bango, ina jin ɗana yana buɗe wa ɗan wata lungu bayan lungu. Na fara gina garinsu shi ma a kaina, na sa masa dutse, na sa masa mai ƙosai. Kuma kwanan nan kunnena ya kamo wani abu. A bayan muryar saurayin akwai murfin tukunya da ake ajiyewa a hankali don kada ya yi ƙara. Akwai awarwaro. Akwai wani ɗan tari na mace, kusa sosai, irin na wadda ta jingina da bango ta daɗe ba ta motsa ba. Na san zaman nan. Na san abin da take roƙo da baki, na san wanda take roƙo da zuciya.

Ban san al'adar garinsu ba, ko suna kai kaza, ko shinkafa, ko ba sa kai komai. Amma na wanke atamfata na ajiye kusa. To kai da ka zauna ka ji, in ranar ƙarshe ta zo, matar nan ta leƙo ta cikin gilashin kwamfutar da abinta a hannu, tana yi wa ɗana addu'ar ya daɗe a kan buzunsa, me kake ganin ya kamata in ce mata?